Shinkafar Lauratu ta Watan Safar

A layinmu da ke bayan rumfunan Uhudu a Madina, babu gidan da bai san shida ga watan Safar ba. Ranar ce kaɗai Hajiya Lauratu ba ta fita sana'a. Sauran kwanakin shekara za ka same ta a gefen filin da motocin maziyarta ke tsayawa, ta shimfiɗa tabarma, ta jera busasshen na'ana'a da lalle da soyayyar gyaɗa da dabinon Khaibar, tana ciniki da Turkawa da mutanen Indonesiya da Larabcin da bai wuce na kasuwa ba. Amma shida ga Safar, tun da hantsi ƙamshin daddawa zai cika layin.

Abin da take dafawa ba wani abin mamaki ba ne: farar shinkafa, da miyar tumatir da man gyaɗa, da kaji biyu. A garin da ake cin shinkafa safe da yamma, a zuba mata zabibi da kayan ƙamshi har ta canza launi, ita tata fara ce sol kamar ta ƙauye. Ba ta kuma aiken kowa. Da kanta take ɗora kwano a ka, ta bi gida-gida. Kwanon farko, wanda ya fi nama, tana kai shi ne gidan wanda suka samu saɓani a cikin shekarar.

Yawanci maƙwabciyarta Ikilima ce ke samun wannan kwano. Ikilima Bahaushiyar Sudan ce, mai ɗinkin hannu, bakinta ba ya hutawa.

"Ke Lauratu, bana ma ni ce?" in ji ta daga bakin ƙofa. "Me kuma na yi miki?"

"Kin sani."

"Wallahi ban sani ba. Amma ajiye. Cinyar tana ciki?"

Akwai masu cewa da gangan Ikilima ke tsokanar faɗa da zarar Muharram ya kama, a kan ruwan wanki ko igiyar shanya, don kada kwanon ya wuce ta.

In an tambayi Lauratu dalilin girkin, sai ta ce sadaka ce. Ta wa? Ta iyaye. Kowa ya ɗauka sun rasu, sai a ce Allah ya ji ƙansu. Ba ta taɓa cewa amin ba. "Allah ya ji ƙanmu baki ɗaya," take cewa, ta ɗauki kwanonta ta yi gaba.

Mahaifiyarta tana nan da ranta a lokacin. Sunanta Iya Tabita, tana zaune a Unguwar Ɗan'inna, wani ƙauye a ƙasar Malumfashi inda rabin dangi ke zuwa masallaci, rabi majami'a. Lauratu a ɓangaren majami'a aka haife ta, aka raɗa mata Rifkatu. Ta yi aji huɗu a makarantar mishan. A gidansu sau ɗaya ake cin shinkafa a shekara, ranar Kirsimeti, cikin sanyin da ke sa mutum ya ƙi taɓa ruwa. Bayan an taso daga majami'a, Iya Tabita za ta zuba kwanuka, ta ɗauki na farko da kanta. Wata shekara Rifkatu ta ga ta nufi gidan matar da ta zage ta a bakin rijiya, ta ce, "Iya, ita fa ta yi miki laifi."

"Na sani," in ji uwar. "Abin da ranar take nufi ke nan a wurinmu. Mu muka yi wa Allah laifi, amma bai zauna a sama yana jira mu hau mu ba shi haƙuri ba. Shi ya taso ya zo. Ya zo baƙo, ko masauki bai samu ba, aka kwantar da shi inda dabbobi ke cin harawa. To in shi ya tako, ni wace ce da zan zauna a ɗaki ina jira a zo mini? Riƙe min murfin."

Daga baya Rifkatu ta haɗu da Barau, direban babbar mota, ta musulunta, ta zama Lauratu. Duk wanda ya zauna da ita ya san ba don aure kaɗai ta yi ba. Sallarta ba ta wuce lokaci, kuma in an ambaci Annabi Isa, cewa take bawan Allah ne kuma manzonsa, da zuciya ɗaya. A 1979 kawun Barau, wanda ya daɗe da zama ɗan ƙasa a Madina, ya kira shi ya riƙa ɗauko masa dabino daga Khaibar. Ranar tafiya mahaifinta ya ƙi fitowa. Iya Tabita ce ta taka da ƙafa har tashar mota.

"Ban hana ki hanyar da kika zaɓa ba," in ji ta. "An ce mini garin da za ku, irina ba ya shiga. Ke nan ba zan taɓa ganin ɗakinki ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Kirsimeti ki dafa shinkafa, ki kai wa maƙwabta, ki ci naki da rana tsaka. Ni ma zan ci nawa. Kin ga mun ci tare."

Lauratu ta yi alkawari.

Da sanyin farko ya same su a Madina, ta tambayi Barau a ɓoye yaushe ne ranar. Ya duba kalandar bango, irin wadda ake yage shafi ɗaya kowace safiya, mai kwanan watan Musulunci da manyan lambobi, na Turawa kuma ƙanana a can ƙasa. Ya ce, "Jibi ne. Shida ga Safar." Ta dafa. Shekara ta zagayo, shida ga Safar ta sake dafawa. Haka ta ci gaba.

Shekarar wata ta fi ta rana gajarta da wajen kwana goma sha ɗaya. Don haka kowace shekara shinkafar Lauratu tana ƙara nisa da ta uwarta. Ta baro hunturu, ta ratso kaka, har ta kai ana dafa ta a cikin zafin da ko tsuntsu ba ya sauka kan dutsen Uhudu.

Da labarin ya fito, mata da yawa sun ce kuskure ne irin na baƙo, ta riƙe kwanan watan da mijinta ya faɗa mata, shi ke nan. Ban yarda ba. Shekara biyu ko uku na farko, ƙila. Amma matar da ta tashi tana ɗumama hannu a bakin murhu kowace Kirsimeti ba za ta tsaya tana sharce gumi a kan tukunya ta ce ba ta lura ba. Ta iya karatu. Ita ke yage kalandar kowace safiya, ƙananan lambobin suna nan a ƙasa, ba ta dai kai idonta wurin. Safar ya yi mata daidai. Ta cika wa uwarta alkawari, tunda ga shinkafa ta dafu. Ba ta kuma yi bikin Kirista a garin Manzo ba, tunda ranar ba ranar ba ce. In wani ya bincika, ba abin da zai samu. Barau ma ya sani. Direban da ke cike takardun kaya da kwanan wata iri biyu ba zai kasa sani ba. Ya yi shiru har ya rasu a 1992, domin shirun ya fi masa sauƙi, kuma bai taɓa gaya wa dangin kawunsa daga wane gida ya ɗauko mata ba.

Abin da take tsoro a fili yake. Ta shekara goma sha bakwai a layin, ana kiranta wankan gawa, ana ba ta ajiyar amarya. Tana gudun ranar da za a kalli sallarta a ce, ai dama.

A ƙarshen aikin Hajjin 1996, wani dattijo ya yi sallama a ƙofarta bayan la'asar, da hular alhazai sabuwa da jakar leda a hannu. Rabo ne, ɗan wan mahaifinta, daga ɓangaren masallaci. Ya kwana uku yana tambayar gidan a wurin masu rumfuna.

"Rifkatu!" ya ce da ƙarfi. "Ashe ke ce kika zama wannan ƙatuwar Hajiya?"

Ta jawo shi ciki da sauri ta tura ƙofa. 'Yarta Sundus, mai shekara goma sha shida, tana zaune da littattafan makaranta. A Madina aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayarwa.

Rabo ya zaro kaset. Ya ce idon Iya Tabita ya mutu, ba ta iya sa a rubuta mata wasiƙa ta duba, shi ya sa ta yi magana a kaset. Ta kuma sa shi rantsuwa cewa a gabansa za a kunna, ya ga fuskar 'yarta, sannan a juya bayan kaset ɗin a ɗauko amsa. Lauratu ta ce rikodarta ta lalace. Sundus ta tashi ta ɗauko tata.

Da farko kiɗan tulu ne da muryoyin mata suna waƙa daga nesa, da kukan zakara. Sannan muryar tsohuwa ta fito kusa.

"Rifkatu, ni ce. Yau Kirsimeti, kina jin matan zumuntar majami'a? Sanyi bana har cikin ƙashi. Babanki ya tafi, kin ji labari. Ni ma na kusa. Na gama rabo, 'yar'uwarki Asabe ce ta riƙe min hannu, amma ni na ɗauki kwanon. Yanzu ga nawa a gabana. Kowace shekara in rana ta take, sai in ce yanzu Rifkatu ta wanke hannu, yanzu ta sa loma. Wasu suna cewa na yi asarar 'ya. Nakan ce musu wanda aka haifa yau ya bar gidansa ya yi nisa fiye da ke, kuma don ƙauna ya yi. Ba na kuka. Ki dai gaya mini, kina dafawa har yanzu?"

Kaset ya ci gaba da gaishe-gaishen dangi. Babu mai saurare. Sundus ta dubi uwarta, ta yi tambaya da Larabci, a hankali: "Yumma, kakata Kirista ce?"

"E."

"Kuma tana da rai?"

"Ga muryarta kin ji."

Rabo bai gane abin da ke faruwa ba, yana ta jin daɗin shayi. "To, kina dafawar?"

Sundus ce ta amsa, da Hausarta mai nauyi. "Tana dafa. Watan gobe. Safar."

"Watan gobe?" Rabo ya fashe da dariya har shayin ya zube. "A wannan wutar? Ke Rifkatu, wace irin Kirsimeti ce da bazara? Ai wata biyar ke nan da aka cinye ta!"

Lauratu ba ta yi dariya ba. Aka juya kaset, Sundus ta danna. Lauratu ta gaida uwarta, ta yi mata ta'aziyya, ta ce jikarta ta girma. Sannan ta ce, "Ina dafawa, Iya. Ban taɓa fashi ba." Ta yi wa Rabo wani kallo. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ɗan aike ne, abin da ke cikin kaset shi zai kai.

Shida ga Safar ta zo, layin bai ji ƙamshin daddawa ba. Lauratu ta fita sana'arta kamar kullum. Da yamma Ikilima ta leƙo.

"Lafiya? Na zuba miki ruwan wanki a ƙofa har sau biyu, duk a banza?"

"Bana ban samu daddawa ba."

"Ƙarya kike. Alhazai sun tafi ba su bar miki ba? Ko kin shirya da kowa ne?"

"Sai wani lokaci, Ikilima."

A watannin da suka biyo baya, gidan ya yi tsit. Sundus ba ta yi rashin kunya ba, amma ta daina zama cin abinci tare da uwarta. Abin da ya fi ci mata rai, kamar yadda ta faɗa daga baya, shi ne duk shekarun nan tana ɗaga hannu tana roƙa wa kakarta rahamar kabari. Lauratu kuwa ba ta je wurin kowane malami ta tambayi hukunci ba, ko da yake malamai ba su yi wuya a Madina ba. Ina ganin amsoshin biyu duka take tsoro. In an ce haramun ne, ta rasa uwarta. In an ce ba laifi, to me ya hana ta tun shekara goma sha bakwai?

Da sanyi ya shigo, ta fara duba ƙasan kalanda. Wata Litinin ta dawo gida da kaji biyu masu rai.

"Jibi zan dafa," ta ce wa Sundus.

"Yumma, ba bikinmu ba ne."

"Ba bikina ba ne. Ba inda za ni, ba waƙar da zan yi. Tsohuwa makauniya za ta zauna da kwano ran Laraba, ta ce 'yarta ta sa loma. Sau nawa ta faɗa, ni ina bakin rumfa ina sayar da lalle? Ina so sau ɗaya ta faɗa ya zama gaskiya."

Sundus ta je ta ɗaga shafukan kalandar. Sai ta ɗan saki fuska. Ranar ta faɗo a tsakiyar Sha'aban, lokacin da gidaje da yawa a Madina ke raba abinci da alewa.

"Khalas, shi ke nan," in ji ta. "In Khala Ikilima ta tambaya, ki ce na Sha'aban ne. Ba wanda zai yi tunanin komai."

"Haka ne," in ji Lauratu. "Ba wanda zai yi."

Ran Laraba da hantsi ƙamshin ya tashi. Iska mai sanyi tana saukowa daga dutsen, mata sun lulluɓe da manyan gyale. Lauratu ta fito da kwano a ka, ta buga ƙofar Ikilima. Ta tarar da ita da wasu mata biyu na layin suna tsinke zaren wata riga.

"A'a! Ga ɓatacciya ta dawo!" in ji Ikilima. "Wata shida ina jira. Kin mayar da ita Sha'aban ke nan? Ya fi ma, da sanyi miya ta fi shiga."

Da Lauratu ta ce e, da magana ta ƙare a nan. Ta sauke kwanon, ta tsaya a tsaye.

"Ba ta Sha'aban ba ce. Yau Kirsimeti a garinmu. Uwata Kirista ce, tana da rai. Ita ta roƙe ni in riƙa dafawa yau, don mu ci rana ɗaya. Na ji tsoronku, na riƙa yi a Safar. Ni Musulma ce kamar yadda kuka san ni. Wadda za ta ci ta ci, wadda ba za ta ci ba, ba zan riƙe ta ba."

Ɗaya daga cikin matan ta ce a'uzubillahi, ta naɗe gyalenta ta fita. Ɗayar ta zuba wa zare ido. Ikilima ta daɗe tana kallon Lauratu, allura a hannu.

"Tana da rai," ta ce.

"Tana da rai."

"Shekara goma sha bakwai kina barina ina ce wa mai rai Allah ya ji ƙanta? Ke wace irin muguwa ce? Ni da na binne tawa ina 'yar shekara tara, da za a ce min tana can wani ƙauye, ko dutse take bauta wa, da ƙafa zan tafi." Ta soke allurar a jikin rigar. "Wa ya yanka kajin?"

"Malam Abdou mai baƙala, kantin bakin layi."

"To me ya rage? Miƙo ruwa in wanke hannu. Zauna, rana ta kusa takewa, kada tsohuwa ta riga ki."

A nan Lauratu ta ci nata, a tsakar gidan Ikilima, hawaye na zuba, Ikilima na mitar cewa yaji ya yi kaɗan.

Abin bai tafi kyauta ba. Gidaje biyu sun dawo da kwano ba a taɓa ba, kuma ɗaya daga cikinsu bai sake kiranta wankan gawa ba. An yi 'yan makonni ana ƙus-ƙus a bakin rumfuna. Ba ta bi kowa da bayani ba. Da ta koma gida ranar, ta tarar Sundus ta zuba nata ta ci a tsaye a kicin, ta wanke tukunya.

Da alhazai suka zo a 1997, ta aika sabon kaset, ta faɗa wa uwarta komai, har da Safar. Sundus ta yi gaisuwa a ƙarshe da Hausa, ta maimaita sau uku kafin ta yarda a bar shi. Sanyi ya sake zagayowa, ta sake dafawa a ranar. A Hajjin 1998 wata mata daga Malumfashi ta kawo saƙon baki: Iya Tabita ta rasu wata biyu da suka wuce. Tsohuwar ta ji kaset ɗin kafin ta rasu, ta sa an maimaita mata har ya fara ja. Abin da ta ce a gaya wa 'yarta shi ne, ta yafe Safar, kuma yarinyar nan a ƙara koya mata Hausa.

Daga wannan shekarar Lauratu ba ta sake dafa farar shinkafar ba, ba a Safar ba, ba da sanyi ba. Ta ci gaba da zama a gefen filin motoci har ƙafafunta suka gaza, wajen 2007, Sundus ta ɗauke ta zuwa gidanta a unguwar Khalidiyya. Ikilima ta yi ta yi mata ƙorafi shekara da shekaru, tana cewa yanzu in an yi faɗa a layin sai ya kwana ya tashi, ba mai zuwa da kwano.

"Ki dafa mana," Lauratu takan ce. "Kin san yadda ake yi."

"Ni? In ɗauki abinci in kai wa wadda ta zage ni?"

"To ki zauna."

"Ina zaune," in ji Ikilima.